Wankan Doki a Kan Ganuwa

Yosaku, tsohon mai kula da dawaki, ya ɗaga guga ta bakwai ya sheƙa wa farin dokin a gadon baya. Leɓɓan tsohon duk sun tsage.

Kakan Munehisa, ubangidansu, shi ya gina fadar nan a kan tsauni, da ganuwar dutse da ƙofofi bakwai masu kwana-kwana, don kada maƙiyi ya shiga. Bai yi tunanin fita ba. Bai kuma haƙa rijiya ba, sai bututun gora da ke jawo ruwa daga idon ruwan bayan tsauni. Kwana goma sha tara ke nan da abokan gaba suka sare shi, suka zauna a ƙasa suna harba bindiga, suna jiran ƙishirwa ta buɗe musu ƙofa.

Otane, matar Yosaku, tana kwance a barga, harshenta ya kumbura. Da safe ta ji umarnin Munehisa, cewa a yi wa doki wanka a kan ganuwa inda kowa zai gani, ta yi dariyar da ba sauti.

"Tsoho, shekara talatin ba ka taɓa yi mini hidima irin ta dokin nan ba."

"Ke dai ki kai gobe," ya ce.

Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dokin, aka ɗaure masa baki saboda sunkuyawar da yake ta yi. Yosaku na sheƙawa, abin na zuba fari fat yana ƙyalli a rana. Wanda ke wanke doki ai bai san ƙishi ba.

Bindigogin ƙasa suka yi shiru, karon farko tun da aka kewaye su. Can sai aka ga abokan gaba suna naɗe tutoci, suna shirin tashi. Wani dogari ya durƙusa yana kuka, ba ko ɗigon hawaye. Yosaku ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Otane za ta sha ruwa kafin faɗuwar rana.

Shirun nan ne ya dawo da tsuntsayen da ƙarar harbi ta kora. Ɗaya ya sauka a bayan dokin, sannan goma, sannan garke guda.

Masu naɗe tuta suka tsaya cak. Ko wawan cikinsu ya san tsuntsu ba ya tsattsagar ruwa, sai dai shinkafa.