Turancin Kaka Guda Ɗaya

Kakata ba ta jin Turanci sai magana ɗaya tak. Ta koya mini ita wata rana da la'asar a tashar Race Course, muna jiran torotoro, wato motar haya, kusa da kwandon goronta. Har yau ina jin ƙanshin ɗanyen ganyen da aka lulluɓe goron da shi.

"Ce 'ai am los'," in ji ta.

"Me ke nan, Kaka?"

"Na ɓata hanya ke nan."

"To me zai hana in faɗa da Hausa?"

"Dubi tashar nan. Ga Asante, ga Dagomba, ga Farafara, kowa da yarensa. Wannan kowa ya ji zai juyo. Da ƙarfi ake faɗinta, tun kuka bai zo ba, don in kuka ya riga ki ba mai gane bakinki. Sai ki ƙara da sunan unguwarmu, Asawase."

Na sunkuya ina gyara takalmi, da na ɗago babu Kaka. Na waiga ko'ina, na faɗi maganar ƙasa-ƙasa. Wata mai tallan burodi ta kama hannuna, sai ga Kaka ta fito daga bayan mota.

"Murya ta yi ƙasa," ta ce. "Sake!"

Da tsufa ya ci ƙarfinta har ta manta sunayenmu, wata rana ta fita aka neme ta aka rasa. Wani direba ne ya dawo mana da ita daga can unguwar Kwadaso. Ya ce a bakin titi ya same ta tsaye, ba ta kuka, tana ta ɗaga murya: "Ai am los! Asawase!"