Yaran da Baba Bunu Ya Zaɓa

Kaumi ya sauka a tashar Potiskum a shekarar 1975 da aiki ɗaya a gabansa. Ɗalibi ne mai neman digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, ya zo gida ya gwada ko yara sun fi riƙe lissafi idan an koya musu shi da waƙa da tafi. Malaminsa a jami'a, Dokta Ari, mutum ne mai naci. Abu biyu yake nanata musu a aji har sun gaji da ji: a raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da son ran kowa ba, kuma duk sakamakon da ba zai sake fitowa a hannun wani ba, to ba sakamako ba ne.

Hedimastan makarantar da zai yi gwajin kuwa ƙanen mahaifinsa ne, Baba Bunu, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Kaumi ya cire hularsa zai zuba sunayen yara a ciki a zaɓa ido rufe, sai ya tarar an riga an gama masa aikin. Baba Bunu ya jera masa haziƙan ajin, ya ce su ne 'yan waƙa. Masu gyangyaɗi da masu makara saboda kiwo kuma aka bar su da tsohuwar hanya.

"Ɗana zai zo da abu daga jami'a, in haɗa shi da dolaye?" in ji shi yana murmushi. "Ko baƙo aka yi, ai mai kyan ake fito masa da shi."

Kaumi ya buɗe baki, ya dubi malaman da ke tsaye, ya rufe. Ta ina zai fara yi wa mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi gyara, kuma a gaban ma'aikatansa? Ya ce, "To, Baba," ya mayar da hularsa ka.

Sakamako ya fito da kyau ƙwarai, dama wa zai kayar da waɗannan yara? Kafin Kaumi ya koma jami'a, Baba Bunu ya kai labarin masallaci, ya kai shi kasuwar shanu, ya kai shi ofishin ilimi. Ko'ina Kaumi ya gifta sai an tsayar da shi ana sa masa albarka.

Dokta Ari ya duba aikin, bai yaba ba, bai kushe ba. Ya ce a je wata makaranta a sake. Kaumi ya tafi Fika, inda ba shi da baba, ya yi ƙuri'a yadda ta kamata. Yara sun sha waƙa sun sha tafi, amma da aka zo jarrabawa, da 'yan waƙa da sauran duk kanwar ja ce.

Nan Kaumi ya rasa inda zai sa kansa. In ya faɗi gaskiya, sai ya ce babansa ya ɓata gwajin farko, shi kuma yana kallo ya yi shiru. In ya ɓoye, ya ci amanar malaminsa. Abinci ya daina shiga masa, ya rame, ya fara kauce wa hanyar ofishin Dokta Ari. A ƙarshe ya zaɓi abin da ya ga ya fi sauƙi. Ya ce wa Dokta Ari ƙyanda ta ɓarke a makarantar Fika, gwajin bai kammalu ba. A kundinsa kuma ya rubuta cewa da ƙuri'a aka raba yaran Potiskum. Tun daga ranar bai sake samun kwanciyar hankali ba.

Dokta Ari yana da wata al'ada: duk aikin da ya yi kyau da yawa, sai ya ba sababbin ɗalibai su maimaita shi, ta haka yake koya musu bincike. Da shekara ta zagayo, aikin Kaumi ya ba su. Suka bazu garuruwa, suka bi abin da ya rubuta daki-daki, ba wanda ya samo abin da ya samo. Ɗayansu ya je makarantar Baba Bunu, wani malami ya ba shi labarin yadda hedimasta ya zaɓo yaran da kansa, yana faɗa yana alfahari.

Aka kira Kaumi gaban kwamiti, ya amsa laifinsa, har da ƙaryar ƙyanda da ainihin sakamakon Fika. Aka hana shi digirin, aka sallame shi daga jami'a, aikin koyarwar da aka yi masa alkawari ma ya bi ruwa. A bakin ƙofa Dokta Ari ya tsayar da shi, ransa a ɓace.

"Da ka kawo mini sakamakon Fika, shi kaɗai ya ishe ka kundi," ya ce. "Gano cewa abu ba ya aiki, shi ma ilimi ne."

Kaumi ya hau mota ya koma Potiskum. Ya sami Baba Bunu a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya kwashe komai ya faɗa masa. Idanun dattijon suka kawo ruwa.

"Ni fa malamin makaranta ne, Kaumi. Da ka ja ni gefe ka yi mini bayani, ai da na gane. Ashe kallon da kake mini ke nan, mutumin da ba a iya faɗa wa gaskiya?"

Kaumi ya sunkuyar da kai.

Jama'a, girmama manya wajibi ne, amma kunyar da za ta hana ka faɗin gaskiya ba ladabi ba ce, cuta ce gare ka da wanda kake jin kunyar. Mai bincike kuma ya rubuta abin da ya gani, ko bai yi masa daɗi ba, domin wani na nan tafe da zai sake gwadawa.