Mai Rawayar Lema

Ɗan jirgin ƙasan wasan na isa mahaɗar teburan biyu ya tuntsura, taragai suka watse cikin gonakin shinkafar roba.

"Ai na faɗa maka, Dattijo!" in ji shugaban ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Bandung. "Sabuwar ƙa'ida ta ƙara wa tebur tsayin yatsa biyu. Kowa ya ɗaga nasa sai kai, sarkin taurin kai. Ko ka ɗaga kafin mai dubawa ta iso daga Jakarta, ko mu cire ƙauyenka daga layi."

"Ƙauyenmu a kwari yake," in ji tsohon. "Gangarowa jirgi yake yi."

Aka ture teburinsa gefe. Ya zauna ya zuba wa ɗan garin da ke kan teburin ido, garin da madatsar ruwa ta haɗiye tun yana saurayi, ya sake gina shi da katako da gam. Sai ƙamshin kanumfarin garinsu ya taso masa a rai, usur ɗin jirgi ya biyo baya daga bayan tsauni. A bakin tasha ga 'yar mutum-mutumi da rawayar lema, tana jiran wanda ya ce zai dawo.

Ƙofa ta buɗe. Wata dattijuwa ta shigo riƙe da ma'aunin ƙarfe. Ta auna teburin, ta girgiza kai, sai idonta ya faɗa kan lemar.

"Ba a nan na tsaya ba," in ji ta. "A gindin mangwaro na jira ka. Ɗaga teburin nan jirgi ya shigo. Yau kam sai ka sauko ka yi min bayani."