Mai Takobin da Ke Bin Bayana

"Kai ɗan nan, dawo min da mai takobina!" Na dangwara kwamfutar marigayi autana a gaban mai gyara.

Da, in na shiga wasan da ke cikin kwamfutar, wani mai takobi ke bin bayana yana kore min kyarketai. Tunda aka yi gyaran, ko gadar farko ba na kaiwa suke cinye ni.

"Mama, ke kika ce in share tarkacen da aka ƙara. Wannan ba na kamfani ba ne, wani ya zauna ya ƙera miki shi. Ya tafi ke nan."

Ashe shi ya sa yake ɗingishi da ƙafar hagu, kamar autana. Ni kuwa kullum sai na zage shi, wai ya cika nawa.