Tabon Moton Nasara

Ban manta la'asar ɗin da wani Nasara ya tsaya da moto, wato babur, a ƙofar gidanmu a Matamaye ba. Abu baƙi ƙirin, ya fi ɗan maraƙi girma, ko a tsaye gurnani yake. Mai nuna masa hanyar Kurni yake nema, sai ya nuna ni da yatsa. A zamanin nan wa ya isa ya ce wa Nasara a'a? Ga shi yaran da suka kwasa zuwa lakwal, makarantarsu ta boko, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Baba da kansa ya ɗora ni a baya. Ya raɗa mini, "Matse shi da ƙafafu kamar jaki, ɗana. Ko me ka ji, kada ka saki."

Muka tashi. Iska ta cika mini baki, itatuwan gawo na gudu baya, gindin moton na wutsil-wutsil cikin rairayi. Na ƙara matsewa. Sai na ji wuta a ƙwaurina, ƙaurin nama ya bugi hancina. Ashe bututun hayaƙi na matse. Ban saki ba, tunda Baba ya hana.

Da Nasaran ya maido ni dab da magariba, Baba na tsaye inda muka bar shi. Ya durƙusa, ya daɗe yana duban fatar da ta saɓule, ya ce, "Ni na ce ka matse."

Tabon ya daina ciwo tun ina yaro. Muryar nan tasa ce har yau take yi mini zogi.