Muryar Umma a Wasan Ƙarshe

Alƙaliyar wasa ta busa usur, ta nuna fenareti. Wasan ƙarshe ne na gasar ƙwallon hannu ta mata, an yi kunnen doki, lokaci kuma ya cika. Jifa ɗaya zai raba gardama.

Katanga ta gyara tsayuwa a bakin raga. Ba a banza 'yan kallo suka laƙaba mata wannan suna ba. Bana za ta yi ritaya, kuma ta ci alwashin da kofi za ta tafi.

Mai jifan wata sabuwar yarinya ce siririya.

Sai Katanga ta jiyo wata murya daga cikin 'yan kallo, muryar da ko a tsakiyar kasuwa za ta gane.

"Hagu! Hagunki za ta jefa!"

Ummanta ce. Umma kuwa ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Katanga ta daka tsalle hagu da dukan ƙarfinta. Ƙwallo ta bi ta dama, ta faɗa raga.

Katanga na zaune a ƙasa ta hango Umma tana tsalle tana tafi, har ɗankwali ya faɗi. Ta miƙe ta taka har gabanta.

"Haba Umma! Ni za ki yi wa haka?"

Umma ta jawo mai jifan ta rungume, tana share mata gumi.

"Ke kofunanki sun cika mini kabad, har na rasa wurin ajiye kwanuka. Ƙanwarki fa ko ɗaya ba ta da shi. Yi haƙuri, ke ce babba."