Takalmin Hagu

"Damuwa ce kawai, Malama," in ji likitan, idonsa na kan kwamfuta. "Mata kuna sa abu a rai. Ki samu hutu."

Shi ne likita na uku da ya faɗa wa yayata haka. Na farko ya tambaye ta ko sun yi faɗa da mijinta, na biyu ya ba ta maganin barci. Ita kuwa ƙafarta ta hagu sai ƙara nauyi take, har alli ya fara suɓuce mata a gaban ɗalibai.

Na ɗauki jakarta don mu tafi, idona cike da hawaye. Ta riƙe hannuna.

"Zauna, ƙanwata. Ban gama ba."

Ta sunkuya a hankali ta cire takalmanta, ta jera su a kan teburinsa kusa da abin awon jini. Na dama lafiya ƙalau, kamar jiya aka saye shi. Na hagu kuwa bakinsa ya cinye har ya huje, saboda jan ƙasa.

"Likita, rana ɗaya na saye su," ta ce cikin ladabi. "Wace irin damuwa ce take cin takalmi ɗaya ta bar ɗaya?"

Ya daɗe yana jujjuya takalmin a hannunsa. Sannan ya ture kwamfutar gefe, ya miƙe tsaye.

"Malama, taka in gani."

Yaya ta miƙe ba takalmi, kanta a sama, ta ja ƙafar nan har bakin ƙofa, ba ta ɓoye komai ba.